Allon ɓoye a sabarmu ta San Andreas: kundin aiki

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Yau na soma sake gina abubuwan da ɗan wasa ke gani a saman wasan: jadawalin 'yan wasa, ƙaramar taswirar kusurwa, sunayen da ke bin kawunan mutane, da allunan tallan bakin titi. Sabar tamu, kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta, a kan Multi Theft Auto (MTA) take, wato manhajar da ke mayar da GTA San Andreas wasan jama'a ta intanet. Wasan ya tsufa. A 2004 kamfanin Rockstar ya fitar da shi a PlayStation 2, na kwamfuta ya biyo a 2005, kuma har gobe a kan DirectX 9, tsohon tsarin zane na Windows, yake tafiya. Tsufan nan ne ya sa mutanenmu ke iya buga shi a laftof 'yan gwanjo masu katin hoto na Intel, kuma da irin waɗannan laftof ɗin zan auna duk abin da na rubuta.

A MTA da yaren kod na Lua ake rubutu, kuma kod ɗin kashi biyu ne: na saba da na kwamfutar ɗan wasa. Saba ba ta zana ko ɗigo. Aikinta ta san wane ne ya shigo, kuɗin wa ya ƙaru, wa ya mutu. Zane yana kan kwamfutar kowa, kuma duk abin da ka zana da dxDrawText ko dxDrawRectangle firam ɗaya tak yake rayuwa, wato hoto guda cikin jerin hotunan da sikirin ke nunawa a daƙiƙa. In kana son ya zauna, sai ka sake zana shi a cikin onClientRender, firam bayan firam. A gudun firam 60 a daƙiƙa, kowane firam yana da kimanin miliseƙan 16.7, kuma wasan kansa ya riga ya cinye mafi yawansu kafin a zo kanka.

Ga lissafin jadawalinmu. A ce mutum 40 ne a saba, kowa da gurbi biyar: lamba, suna, aiki, kuɗi, fing (jinkirin haɗinsa da saba). Rubutu 200 ke nan. Kowane rubutu yana da inuwa a bayansa don ya fito, sun zama 400. A kowane firam. Alhali sunan mutum ba ya canjawa sau 60 a daƙiƙa.

Maganin shi ne abin da dxCreateRenderTarget ke bayarwa, wanda zan riƙa kira allon ɓoye: wani fili a ma'adanar katin hoto wanda ido ba ya gani. Ka juya zanenka zuwa kansa, ka zana sau ɗaya, ka dawo. Daga nan kowane firam hoto guda kawai za ka liƙa a sikirin.

```lua
local allo = dxCreateRenderTarget(640, 480, true)

function sabuntaJadawali()
    dxSetRenderTarget(allo, true)
    zanaLayuka()
    dxSetRenderTarget()
end
```

`true` na farko yana nufin allon yana da alfa, wato yana iya zama shara-shara a ga abin da ke bayansa. Na biyu yana nufin a goge tsohon zane kafin sabo. Kiran ƙarshe mara komai a ciki shi ke mayar da zane kan sikirin.

Talata, 7 ga Oktoba

Jadawalin ya hau allo, wasan ya daina ɗingishi in an danna Tab, maɓallin buɗe shi. Amma rubutun ya rame, gefen haruffa ya yi duhu-duhu.

Dalilin lissafi ne, kuma ya cancanci a zauna a kansa domin duk wanda ya taɓa allon ɓoye sai ya haɗu da shi. Ɗauki fiksil ɗaya, wato ɗigo guda na hoto, a gefen farin harafi, wanda alfarsa rabi ce don harafin ya yi laushi. Allon da aka goge baƙi ne, alfarsa sifili. Da salon gauraya na yau da kullum, mai suna "blend", launin da zai sauka a allon rabin fari ne, wato toka-toka. Alfar ma sai a ninka ta da kanta, rabi sau rabi, ta koma kwata. Yanzu kuma ka ɗauko allon ka liƙa a sikirin da "blend" ɗin dai: toka sau kwata, ɗaya bisa takwas na farin ke nan ya isa ido, a inda ya kamata rabi ya isa. An biya harajin alfa fiye da sau ɗaya.

MTA ta tanadi mafita a dxSetBlendMode. Lokacin zane a kan allon ɓoye a sa "modulate_add", lokacin liƙa allon a sikirin a sa "add", sannan a mayar da "blend" bayan kowanne, domin kada sauran kunsoshin kod na sabar su gaji salon da ba nasu ba. Da haka sau ɗaya ake ninka launi da alfa.

Wannan gyaran ya zo da wutsiya. Ina so jadawalin ya riƙa bayyana a hankali, to da "add" rage alfa kaɗai a tocolor ba ya dusar da shi, sai ma ya riƙa haske. Tunda launin cikin allon an riga an ninka shi, dole a rage duka huɗun tare, `tocolor(a, a, a, a)`.

Sai kuma batun gurbi. In faɗin sikirin ya kasu gida biyu ya ba da lamba mai ɓurɓushi, irin 363.5, katin zai raba kowane fiksil tsakanin maƙwabta biyu, rubutu ya yi hazo. math.floor a kan x da y, kuma a liƙa allon da ainihin girman da aka ƙirƙire shi. Rubutun da aka zana kai tsaye yana yafe irin wannan, hoton rubutu ba ya yafewa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Gwajin farko da mutane. Ƙanen abokin aikina ya turo saƙon murya: "Yaya, na fita duba WhatsApp na dawo, Tab ba ya nuna komai."

Wannan ɗabi'ar DirectX 9 ce. Wasan da ya mamaye sikirin gaba ɗaya, in aka fita daga cikinsa da Alt da Tab, yana rasa riƙonsa a kan katin hoto. Hotunan da aka loda daga fayil suna dawowa da kansu saboda akwai kwafinsu a ma'adanar kwamfuta. Allon ɓoye kuwa a katin kaɗai yake zaune, ba shi da kwafi a ko'ina. MTA tana sake ƙirƙirar filin, amma fanko. Shi ya sa ta tanadi onClientRestore, wanda ke zuwa da amsar e ko a'a kan ko an goge allunan. Masu buga wasan a taga ko a salon da ba shi da iyaka galibi ba sa ganin matsalar, kuma mafi yawan masu rubuta kod a taga suke aiki. Ta haka kunsoshi da yawa ke fita da wannan ciwon ba tare da mai su ya sani ba.

Ana iya toshe ramin da layi uku a kowane kunshi. Ni dai na ga gara a gyara tsarin daga tushe, tunda alluna za su yi yawa nan gaba. Ƙa'idar da na kafa: kada wani bayani ya zauna a allon ɓoye kaɗai. Almajirin da karatunsa ke cikin kansa, ko an wanke masa allo zai ɗauki alƙalami ya mayar. Wanda ya dogara ga tawadar ya shiga uku. Don haka sunaye, maki, saƙonni, duk suna cikin teburan Lua. Kowane allo yana da aikin da ya san yadda zai zana shi daga teburin, da wata 'yar tuta mai cewa ya tsufa. Duk abin da ya faru, ko shigar mutum, ko fitarsa, ko canjin suna, ko onClientRestore, tutar kawai yake ɗagawa. A farkon firam na gaba a duba, a zana wanda ya tsufa, a sauke tutar.

Ribar da ta biyo baya: in saba ta turo canje-canje goma a jere, kamar lokacin biyan albashi da kuɗin kowa ke motsawa tare, zane ɗaya ake yi maimakon goma. In kuma jadawalin a rufe yake, ba a zana komai sai an buɗe.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Fing ya so ya rusa ribar duka, domin kusan kullum yana motsi, musamman ga masu hawa da datar waya. Na ware shi: ana karanta getPlayerPing sau ɗaya a daƙiƙa, jadawalin a buɗe kawai. Ba wanda ke buƙatar ya fi haka.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Sunayen kan kawuna. A nan ne aka yi gardama da abokin aikina mai kula da saba, kuma gardamar ta yi amfani.

Shawararsa ita ce kowane ɗan wasa a ba shi allonsa tun daga shigowa, a zana suna da aiki da sandar jini, a liƙa da dxDrawMaterialLine3D a cikin onClientPreRender don ya tsaya a duniyar wasan, bango ya riƙa kare shi. Ɓangaren 3D ɗin na yarda da shi. Ɓangaren "kowa da nasa tun daga shigowa" ne ban yarda ba.

Kowane fiksil a allon ɓoye irin namu bayit 4 ne: ja, kore, shuɗi, alfa. Babu matsewa. Allo mai 256 da 64 yana cin KB 64, ba komai ba ne. Mai 1024 da 1024 yana cin MB 4. Mai cika sikirin 1920 da 1080 ya haura bayit miliyan 8, kuma akwai kunsoshin da ke yawo a hannun mutane waɗanda ke ƙirƙirar allo mai girman sikirin don su zana agogo a kusurwa. Ga shi San Andreas manhaja ce mai bit 32, wadda ma'adanar da za ta iya amfani da ita ke da iyaka, ga motocin da muka sauya da fatu (hotunan da ke lulluɓe jikin abu) masu nauyi, ga katin Intel da ba shi da ma'adanar kansa sai ya ɗiba daga ta kwamfuta. Ranar da wuri ya ƙare, dxCreateRenderTarget ba ya ihu. `false` kawai yake mayarwa, sai kod ɗin da bai duba ba ya cika debugscript, tagar nuna kurakurai, da gargaɗi a kowane firam.

Abu na biyu da mutane ke mantawa: allon ɓoye kadara ce ta MTA, ba ta Lua ba. In ka sa `allo = nil`, mai sharar Lua zai share sunan kawai, filin yana nan a kati har sai an kira destroyElement ko an tsayar da kunshin. Sabar da mutane ke shiga suna fita duk yini, ga yanar da ke yankewa, ɗan yoyon nan zuwa dare ya zama tafki.

Abin da muka tsaya a kai: ba a ba mutum allo sai ya shigo kusa da kai, wato a onClientElementStreamIn, kuma a karɓe a onClientElementStreamOut da onClientPlayerQuit. Ba a ma rusa allon, ana mayar da shi cikin 'yan ajiya, na gaba ya ɗauka a goge a rubuta sunansa, domin ƙirƙira da rusawa a tsakiyar wasa suna kawo tsaiko. Sandar jini kuma na fitar da ita daga allon. A lokacin faɗa kullum canjawa take, kuma sanda ce kawai, zana ta kai tsaye ya fi araha.

In alluna sun ƙare ko katin ya ƙi bayarwa, sai a koma tsohuwar hanya, dxDrawText kai tsaye ba inuwa. Ba ta da kyau kamar ɗayar, amma ɗan wasa zai san da wa yake magana. Na gwada wannan hanyar da dxSetTestMode, wanda ke da "low_mem" da "no_mem" don kwaikwayon kwamfuta mara ƙarfi, da "no_shader". Duk mai rubuta wa jama'armu kod ya kamata ya kunna ukun nan kafin ya ce ya gama. dxGetStatus kuma yana faɗin VideoMemoryFreeForMTA da VideoMemoryUsedByRenderTargets, na ɗaura su a wani umarni na masu kula, don in wani ya kawo ƙara mu ga lambobinsa maimakon mu yi ta canki-canki.

Asabar, 25 ga Oktoba

Taswirar kusurwa. Na kashe ta asali da setPlayerHudComponentVisible, na soma tamu.

A nan allon ɓoye bai rage ko sisi na aiki ba, ya ma ƙara. Kana tuƙi daga birnin Los Santos zuwa na San Fierro, taswirar na motsi tana juyawa a kowane firam, to dole a goge allon a sake zanawa a kowane firam, sannan a biya kuɗin juya katin zuwa allon da dawo da shi. Wanda ya ce maka allon ɓoye yana sa komai sauri, bai taɓa aunawa ba. Yana biya ne a inda abu ke daɗewa bai canja ba.

To me ya sa na yi amfani da shi? Saboda yanka. Duniyar San Andreas ta tashi daga -3000 zuwa 3000 ta kowace fuska, hotonta babba ne, kuma in ka juya shi da dxDrawImage zai fantsama ya rufe rabin sikirin. A cikin allo mai 256 da 256 kuwa, duk abin da ya wuce baki ya ɓace da kansa, har alamomin 'yan wasa da na shaguna. Don ta zama da'ira sai na miƙa allon ga wani ɗan shiri da ake lodawa da dxCreateShader, mai rina fiksil-fiksil, na ba shi allon da hoton da'ira ta dxSetShaderValue, ya ɗauki launi daga na farko, alfa daga na biyu. Katin da bai iya wannan ba zai ga taswira mai kusurwa huɗu, ba laifi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Akwatin hira da jerin kayan shago, duka masu gungurawa. 'Yan wasa suna son sa launi a sunansu da lambobi irin #FF0000, kuma dxDrawText yana karanta su in ka kunna masa colorCoded. Sai dai da zarar ka kunna, yana kashe yanke rubutu a baki da karya layi. Dogon suna mai launi sai ya tsallake gurbinsa ya hau kan na maƙwabci. Allon ɓoye ya raba gardama, bakinsa ne iyaka.

Don gungurawa, ban zana jerin duka a dogon allo ba. Shagon motoci yana da layuka da yawa, kuma katunan da suka tsufa suna da iyakar girman hoto. Allon daidai taga yake, ana sake zana shi lokacin da aka murza linzami kawai.

Karya layin da na rubuta da hannu ya tono batun haruffanmu. Ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne a tsarin adana rubutu na UTF-8, kuma string.sub na Lua bayit yake ƙirgawa. In yankan ya faɗo tsakiyar ƙ, sai ka ga wata baƙuwar alama a ƙarshen layi. MTA na da utf8.sub da utf8.len, su ne daidai, faɗin kuma da dxGetTextWidth ake aunawa. Na loda salon haruffa na Noto Sans da dxCreateFont saboda yana da haruffan duka, manya da ƙanana. Yawancin masu hira ba sa saka ƙugiya, gaskiya ne, amma saƙonnin sabar kanta da ita muke rubutawa, kuma ba na son "ƙofa" ta fito da akwati a gabanta.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Allunan talla, abin da 'yan wasa suka fi ɗoki. Wanda ya sayi shago a cikin wasan yana so sunan shagonsa ya hau babban allo a bakin titi.

Hanyar da ta fara zuwa wa kowa ita ce a haɗa hoton PNG a ɗora a saba. Wannan na nufin duk wanda ya shigo sai ya sauke, da datarsa, ko da ba zai taɓa bi ta titin ba. Da allon ɓoye, abin da saba ke turawa ta triggerClientEvent bai wuce rubutu, launi da lambar zane ba, kwamfutar kowa ta haɗa hoton da kanta. Sai engineApplyShaderToWorldTexture ya lulluɓa shi a kan allon tallar. Sunan fatar da za a rufe ana samo shi da engineGetVisibleTextureNames. Amma Rockstar ta maimaita fata ɗaya a wurare da yawa, in ka rufe ta da suna kawai, duk inda take a duniyar wasan sai ta zama tallar mai shayin unguwar Ganton. Don haka muka dasa namu allunan da createObject, tunda ana iya ɗaure rinin ga abu guda.

Daga kusa ya yi kyau ƙwarai. Daga nesa rubutun yana ƙyalƙyali yana rawa in mota na gudu. Fatun wasan na asali suna da jerin ƙananan kwafi, rabi, kwata, har ƙasa, waɗanda katin ke zaɓa gwargwadon nisa. Allon ɓoye ba ya zuwa da su.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na sauya dabara kan tallar. Tunda talla na iya yin kwanaki ba ta canja ba, babu dalilin barin ta a allon ɓoye. Yanzu allo guda ne ke yi wa duka aiki: a zana talla a kansa, a kwashe fiksil ɗin da dxGetTexturePixels, a ba dxCreateTexture tare da umarnin ya yi ƙananan kwafin, a goge allon don ta gaba. Rawar ta tsaya. Hoton da aka samu ta haka ba ya gogewa in an fita da Alt da Tab, kuma ana iya matse shi: "dxt1" rabin bayit ne a fiksil, kashi ɗaya bisa takwas na abin da allon ke ci. Gefen haruffa yana ɗan lalacewa da matsewar, amma a allon da ake gani daga cikin mota ba wanda zai lura.

Kuɗin da ake biya shi ne kwasar. Katin hoto an gina shi ya karɓa ne, dawo da kaya daga gare shi yana tsayar da komai har ya gama. Talla ɗaya ba a ji, goma a tare ana ji sosai a laftof mara ƙarfi. Na sa su a layi, ɗaya a firam, kuma sai ɗan wasa ya doso unguwar.

Gwajin mako mai zuwa biyu ne. Na farko, a saitin MTA akwai inda ɗan wasa ke hana saba ɗaukar hoton sikirinsa, dxGetStatus na nuna shi a AllowScreenUpload. Zan sa mutum biyu su kashe shi mu ga abin da kwasar fiksil za ta ba su, in ta ƙi sai su zauna a kan allon ɓoye kai tsaye da rawarsa. Na biyu, abokin aikina yana son ɗaki a ofishin 'yan sandan wasan mai talabijin da ke nuna inda motocin sintiri suke. Wannan taswira ce mai motsi a jikin bango, ba za ta kwasu ba. Na ce masa za ta sabunta sau huɗu a daƙiƙa, kuma sai akwai mutum a ɗakin. Shi yana son kowane firam. Mun bar shi sai an gwada a laftof ɗin ƙanensa.